Lemuel Tarver, Alƙalin da Ya Ba da Shaida a Kan Kansa

Har zuwa ƙarshen shekarar da ta wuce, ƙarfe shida da rabi na safe, ko ana ruwa ko ana sanyi, Alƙali Lemuel Tarver yakan ja ƙofar gidansa a hankali don kada ya tashi matarsa Ernestine, ya gangaro da ƙafa zuwa tsakiyar garinmu, Marlow Bend. Motarsa tana gindin bishiya, sai Lahadi take ganinsa. Zangonsa na farko shagon abincin Lottie Crenshaw ne, kujera ta uku daga ƙofa: baƙin kofi ba sukari, faten masara, ƙwai ɗaya. Shekara ashirin da huɗu Lottie tana ƙoƙarin ɗora masa soyayyen nama a kai, shekara ashirin da huɗu yana tura mata abinta.

"Alƙali, dube ka kamar sandar shanya. Ernestine ba ta ba ka abinci ne?"

"Tana ba ni, Lottie. Likita ne ke ƙwacewa."

Daga nan ba kotu yake shiga ba. Sai ya zagaya ta baya, gidan wakafin gunduma, ya karɓi takardar sunayen duk wanda aka kawo tun jiya, ya bi ɗaki-ɗaki yana kiran suna. Tambaya uku kawai yake yi: ka ci abinci? Akwai maganin da kake sha da ba a ba ka ba? 'Yan gidanku sun san kana nan? In mutum ya buɗe baki zai fara ba shi labarin abin da ya kawo shi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan sai a sama, gaban lauyanka." Ƙarfe takwas da rabi yana kan kujerarsa, baƙar rigar shari'a a jikinsa, tabarau a ƙarshen hanci.

Sunana Geneva Holloway. Ni ce matar da ke zaune ƙasan kujerar tasa da ɗan injina, ina buga duk kalmar da aka furta a kotu. Shekara ashirin da biyu na yi a wurin. Aikina ya koya mini in rubuta abin da aka faɗa, ba ƙari ba ragi, kuma haka zan yi ƙoƙarin yi a nan. Jaridar babban birni ta ba shi layi huɗu ranar da ya yi ritaya. Na ga layi huɗu sun yi kaɗan.

Farkon labarin ban gan shi da idona ba, mahaifiyata ce ta ba ni, don ita maƙwabciyar Mama Ozella Bledsoe ce. A 1979 Lemuel yana ɗan shekara talatin, shi kaɗai ne lauya baƙar fata a gundumar nan, ofishinsa ɗaki ɗaya a saman gidan shirya gawa. Mama Ozella tana da gona eka tamanin a bakin kogi, wadda kakan mijinta ya saya da guminsa bayan an 'yanta bayi. Tsohon bai bar wasiyya ba, ɗansa ma haka. A doka, gonar ta zama ta duk wanda ya fito daga tsatsonsa, ko ya san hanyarta ko bai sani ba. Wani kamfanin katako ya nemo wani jikan tsohon a Detroit, wanda bai taɓa taka gonar ba, ya sayi ɗan kasonsa. Da wannan ɗan kason kamfanin ya shiga kotu ya ce shi ma magaji ne, a sayar da gonar duka a raba.

Lemuel ya ɗauki Littafi Mai Tsarki na gidan, wanda aka rubuta sunayen haihuwa da mutuwa a shafukan farko, ya shiga tsohuwar motarsa ya bi zuriyar nan gari-gari: Chicago, Detroit, St. Louis, har wani a Oakland ta waya. Mutum arba'in da ɗaya ya samo, talatin da tara suka sa hannu cewa ba sa son a sayar. Ya kawo takardun kotu, ya yi magana kwana biyu.

Aka kayar da shi. Dokar ta ce mutum ɗaya ya isa. Aka yi gwanjon gonar a matakalar kotu wata safiyar Talata, kamfanin ya saya.

Mahaifiyata ta ce bayan jama'a sun watse, Mama Ozella tana zaune a matakalar da jakarta a cinya, Lemuel ya zo ya tsaya gabanta ya kasa kallonta.

"Mama, na kasa."

"Ɗan Hattie, ɗago kanka. Ka yi ƙarya a wani wuri?"

"A'a, Mama."

"Su fa, sun karya doka?"

"Ba su karya ba."

"To ashe dokar ce ɓarauniyar. A ina ake yin ta?"

"A babban birnin jiha."

"To me kake yi a nan?"

Ta koma wurin 'yarta a Memphis, ba ta cika shekara biyu ba ta rasu. Shi kuwa ya tsaya takara, ya faɗi, ya sake tsayawa, ya ci. A 1983 ya shiga majalisar jiha da ƙuduri ɗaya a jakarsa: in wani bare ya sayi kason magaji, a fara ba dangi damar su saye shi, kuma kada alƙali ya sa gonar gado a gwanjo sai ya duba ko za ta rabu a ƙasa.

Shekara goma ƙudurin nan yana mutuwa a kwamiti ɗaya, hannun mutum ɗaya: Burl Hatchett, farar fata, makiyayin shanu daga gundumomin kan tudu, mai ƙatuwar murya da ƙaton tumbi. Burl da kansa ya ba da wannan labarin a tsufansa, yana dariya yana share ido. Ya ce duk farkon zama Lemuel zai shigo ofishinsa da takardun, shi kuma ya ce, "Lemuel, ka sake kawo mana jaririn nan naka? Bai mutu ba har yanzu?"

"Yana nan, Burl. Har ya fara haƙora."

A ganin Burl da mutanensa wannan matsalar baƙaƙen bakin kogi ce, ba ruwansu. Lemuel bai zage shi a jarida ba, bai kira shi wani suna ba. Hutun bazara guda ya ɗauka ya tafi gundumomin Burl ɗin, inda a lokacin baƙar fata ba ya son dare ya yi masa, ya zauna a ɗakunan ajiye takardun filaye yana bin shafi-shafi. Ya samo iyalai sittin da 'yan kai, talakawan farar fata, waɗanda aka raba da gonakinsu ta wannan hanyar, kowa yana zaton shi kaɗai abin ya faɗa wa, kowa yana ɓoyewa don kunya. Ya bi su gida-gida. Wasu suka sakar masa karnuka, wasu suka ba shi kujera.

Ranar zaman kwamiti, motocin coci huɗu suka tsaya a ƙofar majalisa, biyu daga tudu biyu daga bakin kogi. Burl ya shigo ya tarar ɗakin ya cika, ya fara buga guduma yana cewa lokaci ya ƙure, a ɗage. Sai wata tsohuwa a layin gaba, 'yar shekara tamanin da huɗu, ta dogara sandarta ta miƙe. Ida Faye Tolliver ce, malamar da ta koya wa Burl karatu a aji ɗaya, wadda ita ma aka yi gwanjon gonar mahaifinta.

"Burl Hatchett, ajiye abin nan ka zauna daidai. Mutane suna magana."

Burl ya ce bai san lokacin da ya ajiye gudumar ba. Awa biyar aka yi ana ba da shaida. A 1993 ƙudurin ya zama doka, kuma da aka zo sa suna, Lemuel ya ce a sa na Burl a gaba, don haka ne 'yan tudu za su jefa ƙuri'a ba tare da tsoron mutanensu ba. Har yau lauyoyin jiharmu Dokar Hatchett suke ce mata. Na taɓa tambayarsa ko abin ba ya ci masa rai. Ya ce, "In dai gwanjon ya tsaya, Geneva, su kira ta da sunan karen Burl ma."

Kai ne wannan, Alƙali. Gonaki nawa ne a jihar nan da har yau jikoki ke taruwa a cikinsu ran hutun bazara, suna soya tarwaɗa a gindin bishiyar kakansu, ba su taɓa jin sunanka ba? Kai ka san adadinsu ya wuce ƙirge, kuma ba ka taɓa zuwa ko ɗaya ka ce ni ne ba.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa na ɗauka, a gabana ya faru, kuma ni na buga shi.

A 1998 jama'a suka zaɓe shi alƙali, bayan shekara biyu na zo aiki ƙarƙashinsa. A 2005 aka harbe Harlan Finch, mai gidan man da ke hanyar fita gari, da yamma wajen ƙarfe biyar da rabi, aka kwashe abin da ke cikin akwatin kuɗinsa. Harlan mutumin kirki ne, gari duka ya tashi. Aka kama Darnell Pruitt, ɗan shekara ashirin da biyu, mai aikin faci a wani gareji, saboda wani mutum da ke tsallaken titi ya ce shi ya gani yana gudu. Darnell ya ce a lokacin yana kan babbar hanya, mil arba'in daga nan, yana canza wa wata mata taya, amma bai san sunanta ba.

Kwana biyar aka yi ana shari'a. Ranar Juma'a ƙarfe huɗu na yamma, ana shirin rufewa, lauyan da gwamnati ta ba Darnell, mutumin da ya makara sau uku a makon nan kuma ya ɓata wa kowa rai, ya miƙe ya ce ya samo matar, tana waje. Lauyan gwamnati ya ce ba a sa sunanta cikin jerin shaidu ba, lokacin yin haka ya wuce tun wata guda. Alƙali ya ƙi a shigo da ita. 'Yan juri, mutum goma sha biyun da aka zaɓo daga cikin gari, suka ce Darnell ne. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Aka ɗaukaka ƙara, kotun sama ta ce Alƙali Tarver bai saɓa doka ba. Magana ta mutu.

Shekara tara bayan haka, a watan Afrilun 2014, na fito cin abincin rana sai na tarar da wata mata zaune a bencin baranda, ramammiya, da robar iska a hancinta da 'yar tukunyar iskar a gefenta. Ta ce sunanta Pearlie Stokes, a da ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti.

"Ke ce mai rubutawa?"

"Ni ce."

"To ni ce wadda aka bari a wannan bencin. Likita ya ce ba zan ga Kirsimeti ba. Ina so a rubuta abin da na zo faɗa kafin in tafi."

Ta ciro wani tsohon kati daga jakarta, irin wanda inji ke bugawa in ma'aikaci ya shiga aiki. Ranar da aka kashe Harlan ce a jiki, kuma ya nuna ta makara da minti hamsin. A bayansa shugabarta ta rubuta da biro: taya ta fashe.

Na shiga wurin Alƙali. Ina fara magana ya dakatar da ni.

"Kada ki faɗa mini abin da ta ce. Ba ni ya kamata in ji ba. Ki haɗa ta da ofishin lauyoyin marasa hali yau ɗin nan. Ni kuma ki kawo mini kundin shari'ar."

Na kawo masa, kundi uku. Washegari da safe ya kira ni, ya miƙo mini na ukun a buɗe.

"Karanta mini shafin nan da bakinki."

Na karanta. Maganarsa ce, yadda na buga ta: Kotu ba za ta jira lauyan da bai shirya ba. An ƙi.

Sannan ya ce, "Da na bar ta ta shigo, minti nawa za ta ɗauka?"

"Ashirin, ranka ya daɗe. A ce talatin."

"Talatin," ya maimaita. Ya cire tabarau ya ajiye a kan kundin.

Ku gane, babu wanda ya tuhume shi. Kotun sama ta riga ta wanke shi. Abin da doka ta nema gare shi kawai ya janye hannunsa daga maganar, a kawo wani alƙali ya duba, shi ya yi shiru. Kuma shekarar zaɓe ce, wani tsohon lauyan gwamnati ya riga ya fito yana neman kujerarsa. Alƙali ya janye hannun nasa a ranar. Amma bai yi shirun ba. Ya rubuta takardar rantsuwa shafi biyu ya aika wa ɓangarorin biyu, ya ce yana so a kira shi shaida.

Roscoe Dill, abokinsa tun makarantar firamare, wanda ke tafiyar masa da yaƙin zaɓe, ya shigo ofis bai ko ƙwanƙwasa ba. Ina ciki ina jera takardu, ba wanda ya ce in fita.

"Lem, kanka ɗaya kuwa? Alƙali mai ci ya hau kujerar shaida ya ce ya ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba? Ka miƙa wa mutumin can kujerar a faranti ke nan. Ban ce kada ka yi ba. Bari zaɓen Nuwamba ya wuce. Wata bakwai ne kawai."

"Ka taɓa kwana a can, Roscoe?"

"A ina?"

"Inda yaron Ruby Pruitt yake. Je ka yi kwana ɗaya, ka dawo ka ce mini wata bakwai ne kawai. Matar nan ma ba ta da wata bakwai."

"In ka faɗi fa? Ka san irin wanda zai hau."

"Na sani. Shi ya sa ban yi barci ba. Amma in na riƙe kujerar da wannan, ni ma na zama irinsa."

Roscoe ya juyo gare ni. "Geneva, ke ba za ki yi masa magana ba?"

Na ce, "Ni rubutawa nake yi, Roscoe."

A watan Yuni aka zauna. Alƙaliya Corinne Abshire ce aka kawo daga gundumar da ke maƙwabtaka da mu, ta hau kujerarsa. Kotu ta cika har baranda. Darnell yana zaune cikin kayan fursuna, furfura ta fara fito masa yana ɗan shekara talatin da ɗaya. Mahaifiyarsa Ruby tana bayansa. A ɗaya gefen, Jolene Finch, matar marigayin, da 'ya'yanta biyu. Pearlie ta fara ba da shaida, tana tsayawa tana jan numfashi. Na duba agogo da ta gama. Minti ashirin da uku.

Sai aka kira Lemuel Tarver. Ya shigo ta ƙofar da kowa ke shigowa, cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka ta zuwa coci, ya ɗaga hannun dama ya yi rantsuwa, ya zauna a kujerar shaida. Shekara goma sha huɗu ina ɗaga kai in kalle shi a sama. Ranar yana daidai da ni, har ina jin numfashinsa.

Lauyan gwamnatin wani matashi ne, Trent Mabry, kuma na ga yana neman ya ba shi mafita.

"Ranka ya daɗe, a ranar, ka karya wata doka?"

"A nan ni shaida ne, ka kira ni Tarver. A'a, ban karya ba."

"Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncinka."

"Ta tabbatar."

"Ke nan ka yi abin da doka ta ce."

"Doka ta ba ni dama in ƙi, ta kuma ba ni dama in bari. Ba ta zaɓa mini ba, ni na zaɓa. Kuma tunda na yi rantsuwa, bari in faɗi abin da ya sa. Juma'a ce, ƙarfe huɗu. Na gaji. Lauyan Darnell na lokacin ya ba ni haushi tun Litinin, ina so in koya masa hankali. Gari yana jira a gama, ni ma ina so a gama. Ban yi tunanin mutumin da ke zaune can ba ko na minti ɗaya. Haushin lauyansa na huce a kansa, shi ya tafi kurkuku, lauyan ya tafi gida, ni ma na tafi gida."

Ba wanda ya motsa. Mabry ya duba takardunsa, ya juya shafi, ya sake juyawa, ya ce ba shi da sauran tambaya.

Na yi shekara ashirin da biyu ina jin mutane suna rantsuwa za su faɗi gaskiya. Na ji masu faɗar rabinta, na ji masu faɗar wadda za ta taimake su. Sau ɗaya tak na ji mutum ya faɗi wadda ba wanda ya sani sai shi, ba wanda zai taɓa tonowa, kuma ya san za ta iya cinye shi. Kai ne, Alƙali. Kai ne ka sauko da ƙafarka daga inda ba mai iya taɓa ka, ka zauna inda kake zaunar da mutane, ka yi wa kanka tambayar da lauya ya ji nauyin yi maka.

Alƙaliya Abshire ta soke hukuncin. Pearlie ta rasu a watan Agusta. A watan Satumba gwamnati ta ce ba za ta sake gurfanar da Darnell ba, aka sake shi.

Kada ku zaci an rungumi juna. Ranar da aka sallame shi, Alƙali ya tsaya a baranda yana jiransa, hularsa a hannu. Darnell ya fito da mahaifiyarsa, ya tsaya.

"Malam Pruitt, na zalunce ka. Ba ni da abin da zan ce da zai mayar maka."

"Shekara tara, Alƙali."

"Na sani."

"Ba ka sani ba."

Alƙali ya ce, "Gaskiyarka. Ban sani ba."

Darnell ya kalle shi, ya kama hannun mahaifiyarsa suka sauka matakala. Yanzu yana Memphis, yana da garejinsa da 'ya'ya biyu. In ya zo gari suka haɗu a hanya, yakan ɗaga kai kawai, Alƙali ma ya ɗaga. Bai taɓa neman fiye da haka ba.

A wannan makon Alƙali ya je gidan Jolene Finch, shi kaɗai. Ita ta ba da labarin a coci, cikin fushi. Ta ce ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce ya shigo ba, ta tambaye shi, in ba Darnell ba ne, to wa ya kashe mata miji? Ya ce bai sani ba, kuma laifinsa ne da aka daina nema tun shekara tara. Ta rufe ƙofa. Har yau ba a gano wanda ya kashe Harlan ba, har yau Jolene ba ta gaishe shi, kuma bai taɓa bari wani ya ga laifinta a gabansa ba.

Abokin takararsa ya cika gari da takardu masu hoton gidan man, an rubuta Alƙalin da ke sakin masu kisa. Wasu da Alƙali ya yi wa aiki kyauta tun yana lauya suka daina zama kusa da shi a shagon Lottie. Ernestine ta ce ya riga ya fara kwashe littattafansa daga ofis a kwali. Da aka ƙirga ƙuri'u, ya ci da ɗari da goma sha huɗu. Roscoe ya ce a rayuwarsa bai taɓa tsufa kamar a wannan makon ba.

Daga nan kotunmu ta canza. Bai sake korar shaida don ya makara ba sai ya fara fitar da 'yan juri ya ji abin da mutumin ya zo da shi. In Juma'a ta kai ƙarfe uku ba a gama ba, sai ya ɗage zuwa Litinin, ko da saura magana ɗaya. Lauyoyi suna gunaguni, suna cewa kotun Tarver ta fi jirgin kaya jinkiri. Yakan ce musu, "Ban yarda da kaina ba bayan ƙarfe uku na Juma'a. Ku ma kada ku yarda."

Ranarsa ta ƙarshe, ƙarar da ta rage a jeri ta wasu maƙwabta biyu ce, tsofaffi, kan wata bishiya da ke zubar da ganye a rufin ɗayansu. Awa biyu ya saurare su, ya duba hotuna, ya tambayi wa ya dasa ta, har su da kansu suka gaji suka shirya. Ma'aikata sun yi oda an kawo kek, magajin gari yana baranda da jawabinsa a aljihu. Alƙali ya dubo ni ta saman tabarau.

"Geneva, kina bugawa?"

"Ina bugawa, ranka ya daɗe."

"To a rubuta. Na yanke hukunci dubbai a ɗakin nan, kuma ba zai yiwu a ce sau ɗaya kawai na yi kuskure ba. Duk wanda yake ganin na zalunce shi, shi ko wani nasa, gidana yana titin Magnolia, mai koren baranda. Ba sai da lauya ba. Ba ni da ikon canza komai yanzu, amma zan saurara, kuma in akwai inda zan je in ba da shaida, zan je. An tashi."

Wata uku ke nan. Ranar Lahadin da ta wuce bayan coci na biya in gaishe su. Ernestine ta ce mini zuwa yanzu mutum uku sun zo, kowanne ya zauna da shi a baranda, ɗaya har ya ci abincin rana. Na same shi a kujerarsa da takardu a cinya, na tambaye shi yaya aka ƙare.

"Ɗaya yana so ne kawai ya zage ni, na bar shi ya gama," in ji shi. "Biyun kuwa ina ganin suna da gaskiya. Kina da sauran kundin 2009 a ma'ajiya?"

Yana da shekara saba'in da uku, ba albashi, ba guduma, ba wanda ya sa shi.

Mun gode, Alƙali. Na gode a madadin garin da bai iya godiya da baki ba, da waɗanda suka amfana da kai ba su sani ba, da waɗanda har yanzu suke fushi da kai kuma ka bar musu fushinsu. Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar mana kai da Ernestine.

Ku kuma matasan lauyoyi da ke shigowa da sababbin jakunkuna, da ku da kuke neman kujera a majalisa ko a kotu, da duk wanda aka ba ikon cewa e ko a'a a kan rayuwar wani, ko da malamin aji ne ko mai gadin ƙofa: mutumin nan yana raye, yana nan cikinmu. Ku je ku zauna da shi tun yana da ƙarfin magana. Kowannenku yana da wani shafi da ya san bai yi daidai ba, wanda ba mai tambayarsa. Ku buɗe shi tun wanda kuka yi wa yana da rai.

Ni dai gobe da safe zan sauka ma'ajiya in nemo masa kundin.